Kafin Ki Yaba Gida, Ki Saurare Shi

 Yau na zo muku da wata magana wadda na tabbata ba ta shiga lissafinku in kun zauna kuna hirar irin gidan da kuke so a kai ku. Wata ta ce ita sai mai bene, wata ta ce falo biyu, da kafet ɗin da ƙafa ke nutsewa a ciki, da labule har ƙasa, ga iyakwandishan yana busa sanyi. Haka nan a littattafan da muke karantawa, da zarar an kai amarya gidan mai hali sai a cika mu da labarin sanyi da ƙamshi. Ido ya samu rabonsa, hanci ma haka. To kunne fa? Har yau ban ji wadda ta ce ita dai tana son gidan da in ta yi raɗa mijinta zai ji ta ba. Ni kuwa na yi shekara huɗu a gidan da ya koya mini darajar wannan, shi ya sa na ga ya dace in ba ku labari, tun da an ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

An ɗaura aurena a Kano a ƙarshen shekarar 2016, sannan a watan Satumba na 2017 na bi maigidana zuwa Amurka, inda yake ƙaro ilimi a jihar Indiyana. Ƙawayena suka yi ta cewa na tsinci dami a kala. Kuɗin da ake ba ɗalibi ba su isa hayar gida a tsakiyar gari ba, don haka ya kama mana a bayan gari, wani gida mai ɗaki uku da falo, fari tas, ga ciyawa kore shar a gabansa. Na ɗauki hotuna na tura gida aka yi ta sa albarka. Sai da na kwana biyu sannan yake gaya mini wai gidan nan ba a wurin aka gina shi ba, a mota aka kawo shi.

Na ce, "Haba Yaya, gida a mota sai ka ce kayan jere?"

Ya yi dariya ya ce ai kusan hakan ne. A masana'anta ake ƙera irin waɗannan gidaje, rabi-rabi, kowane rabi da ƙofofinsa da tagoginsa, da wayar lantarki da bututun ruwa, har da kabad ɗin kicin. Sai a ɗora kowane rabi a kan tirela a kawo shi filin da aka riga aka zuba harsashi, injin ɗaga kaya ya sauke su gefe da gefe, a ɗaure su da manyan notuna. Wanda ya wuce da safe ya ga fili, in ya dawo bayan kwana biyu sai ya tarar da gida a tsaye. Abin ba sabo ba ne a can. Tun daga 1908 har zuwa 1940 kamfanin Sears yana sayar da gidaje ta hanyar littafin talla, mutum ya zaɓi wanda yake so a aiko masa da katakan a jirgin ƙasa. Su kansu gidajen masana'anta iri biyu ne. Akwai masu zama a kan gindin ƙarfe irin na tirela, waɗanda gwamnatin tarayya ta sa wa doka ɗaya tun ranar 15 ga Yuni, 1976, akwai kuma irin namu da ake dasawa a kan harsashi, masu bin dokar gini ta jiha kamar kowane gida. Yankin Elkhart na jihar da muka zauna ya yi suna ƙwarai wajen wannan sana'a.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne sunan da magina suke kiran wurin da rabi biyun suka haɗu. Wallahi layin aure suke ce masa. Yana bin tsakiyar gidan tun daga wannan ƙarshe har zuwa wancan, kuma bangon da ke wurin ya fi sauran kauri, domin bango biyu ne suka jingina da juna. Ki riƙe wannan a ranki 'yar uwa, za mu dawo kansa.

Sanyi ya fara shigowa a ƙarshen Oktoba, a nan ne na san ashe gidan yana da baki. Su can ba kaskon garwashi ake shiga da shi ɗaki ba kamar yadda Umma take yi mana da hunturu. Hita ce guda ɗaya babba, tsayinta ya kusa nawa, mai aiki da iskar gas. Tana ɗumama iska, sai wata ƙatuwar fanka ta tura iskar cikin bututun da aka shimfiɗa a ƙarƙashin daɓe, ta fito ta wasu 'yan tagogin ƙarfe da ke ƙasan kowane ɗaki. A gidaje da yawa a ɗakin ƙarƙashin ƙasa ake ajiye wannan hita, nesa da mutane. Namu gidan ba shi da irin wannan ɗaki, sai aka cusa ta a wani ɗan lungu mai kama da wadirof a hanyar da ke tsakanin ɗakuna, aka sa mata ƙofa mai huji-huji don ta riƙa jan iska. Bango ɗaya ne rak tsakaninta da kan gadonmu.

Da farko za ki ji ƙas, kamar an karya tsinke. Sai wani gurnani ƙasa-ƙasa, sai fuuu, wuta ta kama. Kafin ki gyara kwanciya babbar fankar ta tashi, wuuuu, kamar injin markaɗe ranar biki. Tana cikin yi sai bututun da ke ƙarƙashinmu ya soma ƙwas, ƙwas, ƙwas, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa. Bayan 'yan mintuna sai ta ɗauke ɗif, shiru ya dawo har ki ji bugun zuciyarki. Barci ya fara daɗi ke nan sai ki sake jin ƙas. Haka za a yi ta yi har asuba. Wata rana ina waya da Umma hitar ta tashi, sai na ji ta ce, "'Yar nan, niƙa kika je ne? Ashe can ma ana zuwa niƙa?" Na ce, "A'a Umma, a ɗaki nake." Ta ce, "To Allah ya kyauta, wannan ɗaki naki ai ya fi tasha hayaniya."

Mun yi dariya a lokacin, amma abin bai tsaya a dariya ba. Ina ɗauke da cikin fari, ga laulayi, ga rashin barci, kullum na wayi gari kaina kamar an ɗora mini dutsen niƙa. Shi kuma yana shirin wata babbar jarrabawa, in ya dawo sai ya shige ɗakin karatu har tsakar dare. In na yi magana ya ce, "Me?" In ya yi magana na ce, "Na'am?" A hankali muka wayi gari duk hirarmu da ɗaga murya muke yin ta, alhali a gidanmu an hore mu mace ba ta ɗaga wa miji murya, shi ma ba mutum ne mai hargowa ba. Da abin ya ishe mu sai kowa ya rage magana. Kin san kuwa gidan amarya in shiru irin wannan ya shige shi, zuciya ba ta rasa abin da za ta saƙa.

Wani dare muna cin abinci ya ajiye cokali ya ce, "Amarya, in akwai abin da na yi miki ki faɗa mini. Jiya sau uku ina kiranki kina kicin kika yi banza da ni." Gabana ya faɗi, domin wallahi ko sau ɗaya ban ji ba. Ban yi masa gardama ba, na san rantsuwa ba za ta wanke ni ba. Na ce, "Yaya, don Allah taso ka tsaya a inda nake tsayawa." Ya tashi yana mamaki, na tsayar da shi a gaban tukunya, na je na murɗa ɗan maɓallin da ke bango hitar ta tashi, sannan na wuce ɗakin karatunsa na zauna a kujerarsa na kira shi sau uku da irin muryar da yake kirana. Shiru. Da na fito na tarar da shi yana jira, har yana ce mini, "To ki kira mana." Na ce, "Ai na kira, sau uku." Ya yi shiru yana kallon ƙofar hitar, can ya ce, "Ki yi haƙuri, ashe kishiya na ajiye miki a lungu ban sani ba."

'Yar uwa, kada ki raina wannan. An ce sai bango ya tsage ƙadangare kan samu wurin shiga. A ƙasar da ba uwa, ba gwaggo, ba yayar da za ta zo ta zaunar da ku ta ji ta bakin kowa, ƙaramin zargi irin wannan yana iya yin saiwa. Da ya bar maganar a cikinsa, da ni ma na ɗauki fushi, Allah kaɗai ya san inda za a kwana, kuma duk a kan wani ƙarfe da ba ya ji ba ya gani.

Akwai wata tsohuwa Baturiya a gidan da ke kusa da namu, mijinta ya rasu, ta kai shekara talatin tana zaune a irin waɗannan gidaje. Kaka nake ce mata, ita kuma ta ji daɗin sunan da na fassara mata. Ita ce ta fara gaya mini cewa ƙara ma aunata ake yi kamar yadda ake auna gero. Ta sa mini wata manhaja a waya, muka aza wayar a kan matashin kaina. In hita tana kashe sai ta nuna 32, in ta tashi sai ta haura 58. Awon waya ba ya kai na ƙwararru daidaito, amma ya isa ya nuna wa mutum inda yake. Daga nan na shiga bincike, tun da matambayi ba ya ɓata.

Ma'aunin ƙara sunansa desibel, an samo sunan ne daga Alexander Graham Bell, mutumin nan na wayar tarho. Raɗa tana kai kamar 30, hira ta yau da kullum kuwa kamar 60. Sai dai lissafinsa ba irin na kasuwa ba ne. Duk ƙarin 10 da aka samu, kunne yana jin kamar ƙarar ta ninka biyu. Ke nan 60 ba ninkin 30 sau biyu ba ne, wajen sau takwas ne, kuma abin da ke faɗo mini a ka cikin dare ya kai ninki shida na shirun ɗakin. A shekarar 1999 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara cewa don a samu barci mai kyau, kada ƙarar da ke ɗakin kwana ta wuce 30, kada kuma wadda ke zuwa farat ɗaya ta wuce 45. Ajin makaranta kuwa ta ce 35. Ƙarar da ke lalata ji tana farawa ne daga wajen 85 in mutum yana yini a cikinta, kamar masu aiki a gidan niƙa. Ke nan hitarmu ba za ta kurmantar da ni ba, barcina take sacewa, wanda kuwa bai yi barci ba haƙurinsa gajere ne.

Na kuma gane ta hanya uku ƙarar take iso mu. Ta farko ta iska, wato ta hujin ƙofar nan kai tsaye. Ta biyu ta cikin bututu, domin a ƙaramin gida bututun gajere ne, kukan fankar ba ya samun nisan da zai mutu kafin ya fito ɗaki. Ta uku ta jikin gidan kansa. Daɓen na katako ne, a ƙarƙashinsa kuma fili ne wayam, don haka in inji ya girgiza a kansa sai gidan ya amsa kamar ganga. A nan na tuna soron kakata a cikin birni, wanda in kin shiga kin ja ƙyaure ko kiɗan biki sai ki ji shi can nesa. Sirrin nauyi ne. Bango mai nauyi shi ke tare ƙara, in an ninka nauyinsa akan rage kamar desibel 5 zuwa 6. Bangon cikin gidanmu kuwa sandunan katako ne da wani allo marar kauri mai kama da na silin. Ba wai gidan ba shi da ƙwari ba, ai abin da aka yi don ya jure tafiya a kan tirela ba ya rasa ƙwari, kuma ƙarar waje ba ta cika shigowa ba. Matsalar ita ce inda aka ajiye injin da yadda aka ɗaura shi.

Na haihu a watan Yuni na 2018, muka samu mace, muna kiranta Ummi. Zafin can na lokacin yana zuwa da gumi mai nauyi, dole a kunna iyakwandishan. Shi ma da fankar hitar da bututunta yake aiki, ga kuma rabinsa na waje, mai kwampireso, an dasa shi daidai ƙarƙashin tagar ɗakin kwananmu. Duk sanda ya tashi sai ya yi wani gum, Ummi ta zabura ta watsa hannuwa ta fasa kuka. Kaka ta ce kada in ga laifinsa, tun asali ba don barcin jarirai aka ƙirƙire shi ba. Gaskiyarta kuwa, domin a 1902 da Willis Carrier ya haɗa na farko, don wata maɗaba'a ya yi shi a unguwar Burukilin ta birnin Niyok, saboda laima tana sa takarda ta kumbura launi ya ƙi zama daidai. Mun yi wa mai gidan hayar magana ya ce ai haka suke, muka haƙura muka ci gaba da lallaɓawa.

Ranar da abin ya tashi daga damuwa ya koma tsoro ita ce a ƙarshen Janairun 2019, lokacin da wani matsanancin sanyi ya sauka a tsakiyar Amurka, har a birnin Shikago ma'auni ya faɗi zuwa wajen 30 ƙasa da sifili. Hita ba ta hutawa. Cikin dare ina shayar da Ummi na ji ƙas ɗin da na saba, amma maimakon fuuu ya biyo baya sai shiru ya ɗan yi tsawo, sannan na ji dum! har ƙofar lungun ta kaɗa. Shekara guda da wani abu ina sauraren wannan hita, na san muryarta kamar yadda uwa ta san kukan ɗanta, wannan kuwa ba muryarta ba ce. Na tashe shi na ce, "Abban Ummi, tashi ka ji, ruwa ba ya tsami banza." Muka zauna muka jira, ta sake yi. Nan take ya kashe ta, muka naɗe yarinya cikin bargo muka ƙwanƙwasa wa Kaka ƙofa, a falonta muka ƙarasa kwana.

Da mai gyara ya zo washegari ya buɗe ta, sai ya ce datti ne ya toshe bakin da wuta ke fita, gas yana taruwa kafin ya kama, shi ya sa yake kamawa da bugu. Ya ce in aka bar shi yana yi, wata rana zai iya tsaga tukunyar ƙarfen da ke raba hayaƙi da iskar da muke shaƙa, daga nan sai kabon monoksayid ya bi bututu ya shiga ɗakuna. Wannan iska ba ta da launi ba ta da wari, tana farawa da ciwon kai da jiri, mai barci kuwa ba lallai ya farka ba. Ya duba da kyau ya ce tamu ba ta tsage ba, ya kuma gwada ɗan ƙararrawar da ke gargaɗi a kan wannan iska ya sa mata sabon batir. Ya ja kunnenmu cewa duk tsananin ƙara kada a kuskura a toshe hujin ƙofar hita da tsumma ko bargo, ko a mayar da lungun wurin ajiye kaya, domin ta nan take numfashi.

Tun da mai gidan hayar ya tsorata, a wannan karon bai yi gardamar kuɗin gyara ba. Abin mamaki, yawancin maganin ba mai tsada ba ne. Akwai wata rariya da ke tace ƙura kafin iska ta shiga fanka, ta toshe, shi ya sa ake jin fito, aka canza ta aka ce mu riƙa canzawa duk wata ɗaya zuwa uku. Aka ɗaure notunan da suka saki, aka sa roba a inda ƙarfe ke gugar katako, aka daidaita gudun fankar gwargwadon yadda masu ƙera ta suka yarda. Mai gyaran ya shiga ƙarƙashin gidan ya tarar bututun da ke ƙetare layin aure, mai kai iska ɗaya rabin, ya saki yana zubar da zafi a banza, ya ɗaure shi ya liƙe. Ya ce mu bar tagogin ƙasan nan duka a buɗe, rufe wasu yana matse iska ta ƙara kuka. Ya kuma gaya mana cewa injin da ya fi ƙarfin gida shi ne mai yawan tashi da mutuwa, don haka girman inji ba shi ne alheri ba. Da sanyi ya wuce aka matsar da rabin iyakwandishan na waje daga tagarmu aka aza shi a kan roba. A fili, duk sanda aka ninka nisan da ke tsakaninki da inji, ƙararsa tana raguwa da kamar desibel 6.

Saura guda ni na kawo shawararta. Na ce mu bar babban ɗakin mu koma ƙaramin da ke ɗaya rabin gidan, can ƙarshe, yadda bangon layin aure zai shiga tsakaninmu da hita. Muka shimfiɗa kafet mai kauri, muka rataya labule mai nauyi. Da na sake aza waya a kan matashi, hita tana aiki, sai ta nuna 41. Bai kai abin da likitoci ke so ba, amma a daren Ummi ta yi barci har asuba, mu kuma muka yi hira ƙasa-ƙasa irin wadda muka daɗe ba mu yi ba. Ɗakin ƙarami ne, wadirof ɗina ma bai shiga ba, amma ban taɓa kewar babban ba.

A gidan Kaka kuma na ga irin na'urar da ta fi duka natsuwa, wato mai rabi biyu wadda ake maƙalawa a bango ba tare da dogon bututu ba, mai inbata. Kamfanin Toshiba na Japan ne ya fara fitar da irinta ta gida a 1981. Maimakon ta tashi da ƙarfi ta mutu, sai ta riƙa tafiya a hankali tana ƙara gudu tana ragewa, kuma in an sa ta a ƙaramin gudu, masu ƙera wasu daga cikinsu suna rubuta desibel 20 da 'yan kai. Tata tana sanyaya gida da zafi, ta juya ta ɗumama shi da sanyi. Wani lokaci rabin na waje yakan yi wani shuuu ya fitar da tururi, wannan ba lalacewa ba ce, ƙanƙarar da ta kama shi yake narkarwa.

Abin da na ƙaru da shi dai shi ne kowane inji da yarensa. Ƙwas-ƙwas na bututu ba komai ba ne, ƙarfe ne ke miƙewa in ya ji zafi ya tsuke in ya huce. Fito yana nufin iska ta rasa hanya, a duba rariya. Karkarwa noti ne ya saki ko inji na zaune a kan abin da ke amsawa. Ƙarar ƙarfe na cin ƙarfe kuwa a kashe a kira mai gyara. Bugu lokacin kamawar wuta, ko warin gas mai kama da ruɓaɓɓen ƙwai, wannan ba a jira gari ya waye, a fita da yara tukuna sannan a nemi taimako.

Mun dawo gida a 2021, sai na ga ashe karatun da na yi a can yana da amfani a nan. Yanzu a garuruwanmu ana ta mayar da kwantena shago da ofis da ɗakin kwana, ana kuma haɗa gidajen ma'aikata da allunan da aka ƙero daga masana'anta. Bangonsu ba nauyi, in aka huda aka cusa iyakwandishan na taga, wanda kwampiresonsa ke jikin ɗakin, sai duk ginin ya ɗauki rawa. Ga kuma janareta a bayan taga. Shi ban da ƙara, hayaƙinsa yana ɗauke da wannan iska da mai gyara ya gaya mana, kuma duk mun sha jin labarin iyalan da suka kwanta da shi a cikin gida ba su tashi ba. Kaskon garwashi a ɗakin da aka rufe ruf shi ma haka ne. Ke 'yar makaranta mai shirin jarrabawa, in kina karatu kusa da inji kika ga kina maimaita layi ɗaya sau biyar, kada ki yanke wa kanki hukuncin daƙiƙanci, ki ɗauki littafinki ki koma ɗakin da ya fi nisa da shi ki ga bambanci.

Daga ƙarshe, ga 'yar shawarata gare ku masu shirin shiga daga ciki. Ranar da gwaggonni da yayye za su je ganin gida, igiyar awo suke tafiya da ita don labule da gado. Ki roƙi guda daga cikinsu wadda kika fi shaƙuwa da ita ta sa a kunna duk abin da ke da inji, ta tsaya a inda za a sa gado, wata ta yi mata magana a hankali daga bakin ƙofa, ta ga ko za ta ji. Ta duba ina rabin iyakwandishan na waje yake, ina kuma za a ajiye janareta. In akwai gyara, ki gaya wa angon naki cikin ladabi da lafazi mai daɗi tun ana zance, domin matsar da inji kafin a yi jere ya fi sauƙi a kan bayan an tare, an ce tun ran gini ran zane. Namiji mai hankali ba zai ɗauke shi raini ba, zai gane kin damu da zaman da za ku yi ne.

A nan zan dakata sai wani jiƙon.  Wadda ta taɓa gamuwa da irin wannan ta rubuto mana yadda ta yi, wata ma ta ƙaru.